Daga Bakin Binuwai Zuwa Dutsen Bagale A Kan Keke

Duk baƙon da ya kwana a Jimeta, in ya fito da sassafe ya tsaya a bakin Kogin Binuwai ya fuskanci ƙetare, abin da zai fara tare masa ido shi ne wani dogon dutse da ya miƙe a arewa maso gabas, kai ka ce ganuwa aka yi wa kogin. Wannan shi ne Dutsen Bagale. In kuwa ya juya ya dubi kudu, ranar da babu hazo, zai hangi duwatsun Verre can bayan Yola, sun yi duhu kamar hadari ya taso. Shi garin kansa a kwari yake zaune. Filin jirgin saman Yola tudunsa bai kai mita 200 a kan teku ba, alhali kuwa tsakaninsa da tekun tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Wannan ne ya sa zafin wurin ya yi suna a ƙasar nan. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, ƙarfen ƙofa ya gagari taɓawa, mutum ya yi wanka ya fito gumi na binsa. Da yawa daga cikin mutanen garin an haife su suna kallon dutsen nan, sun yi furfura suna kallonsa, ba su taɓa sa ƙafa a kansa ba.

Mutanen nesa sukan yi wa Yola da Jimeta kuɗin goro, amma 'yan gida sun san gari biyu ne, kowanne da halinsa. Yola ita ce ta sarauta. Modibbo Adama ne ya kafa ta a 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribadu, sunanta kuma daga kalmar Fillanci ya fito, yolde, watau ɗan tudu. Jimeta kuwa 'yar kogi ce da kasuwa. Nan jiragen ruwan kamfanonin Turawa suke tsayawa a zamanin da, in kogi ya cika daga wajen Yuli zuwa Oktoba, su sauke gishiri da yadi, su kwashi gyaɗa da auduga da fatu, waɗansu su zarce har Garwa. Ta kogin nan ne sojan Ingila suka zo a watan Satumba na 1901, aka yi yaƙin da ya fitar da Lamido Zubairu daga gidansa. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 sai ma'aikatu suka taru a Jimeta, haka kuma aka ci gaba bayan an raba jihar a 1991, aka sami Adamawa da Taraba. Tsakanin garuruwan biyu fadama ce da hanya shimfiɗaɗɗiya, wadda yaro ma zai bi da keke bai yi haki ba.

Su kuwa duwatsun, tarihinsu na gudun tsira ne. Lokacin da mahayan Fulani suka mallaki kwarin Binuwai, Batawa da yawa sun haye Bagale, mutanen Verre kuma suka shige nasu duwatsun. Dalilin a fili yake: ƙarfin mayaƙan wancan zamani doki ne, doki kuwa in ya iso gindin dutse ya zama kaya. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ƙetare Binuwai a mahaɗarsa da Kogin Faro ran 18 ga Yuni, 1851, ya tarar mutanen Bagale suna zaune a bisa dutsensu ba su bi kowa ba, ga Yola kuwa suna hangenta. Sai bayan wucewarsa da 'yan shekaru Lamido Lawal ya samu ya ci su. To, dutsen da ya daɗe yana gagarar dokin gaske, shi ne yanzu waɗansu samari ke gwada sa'arsu a kansa da dokin ƙarfe.

Kafin a kai ga samarin, ya kamata a warware wani ruɗani. A Jimeta ta yau, in mutum ya ce keke, abin da za a fara zato shi ne mai ƙafa uku na haya, wanda ya cika titi tun da aka hana acaɓa a cikin gari. Mai nufin na ƙafa biyu sai ya ƙara bayani, ko ya ce basukur kamar yadda dattawa ke faɗa. Wannan kaɗai ya isa a gane yadda darajarsa ta faɗi. Da can malamin makaranta ko malamin asibiti in ya sayi Raleigh sabo fil, da fitila da ƙararrawa da madubi, unguwa takan fito kallo, har akan haɗa kekunan nan a Kano. Babur ya zo ya ture shi, aka bar shi ga masu tallar ruwa da masu itace da 'yan makaranta, ya zama shaidar cewa mutum bai samu ba. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗan dawo masa da mutunci, gama litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a shekara mai zuwa kuma ta taɓa 1,000. Kekuna da yawa da suka yi tsatsa a bayan ɗaki sun ga rana ta wannan dalili.

Amma masu hawa don sha'awa jinsinsu dabam ne, kuma ba su da yawa. Akan gan su ranar Asabar ko Lahadi bayan sallar asuba, da hular kwano da matsattsen wando, gorar ruwa a maƙale a jikin keke. In aka bincika sana'arsu sai a tarar da tela, da ɗalibin jami'a, da makaniki, da ma'aikacin gwamnati da likita ya ce masa ya rage tumbi. Ba wanda ke biyansu. Kekunansu galibi na gwanjo ne, waɗanda wani ya gama yayinsu a Turai, an yi musu kwaskwarima, giyar wannan an haɗa da kacar wancan. A tsakaninsu akwai mai tsohon Phoenix wanda ba shi da giya ko ɗaya, shi ma ba a hana shi bin ayari. Ranakun aiki, da yake garin ba tudu, gadojin sama da aka gina cikin 'yan shekarun nan su ne wurin motsa jininsu: a hau a sauka, a zagayo a sake hawa, masu shayi na kallo suna girgiza kai.

Hanyar zuwa dutse ta kan gada take. Daga shataletalen Mubi ake gangarawa, a bar Doubeli a baya, sai ga kogi. Da rani ruwan yakan janye ya bar tsibiran yashi da gonakin kayan lambu, masunta na ta fama da koma a ɗan abin da ya rage. Da kaka kuwa yakan cika ya batse, har mutum ya rasa inda gaɓa take. Kafin a yi gadar, sai da jirgin fito ake ƙetarewa, mota ta yi layi ta jira. Mahaya ba su cika son daɗewa a kanta ba, don manyan motoci ba su san da zaman mai keke ba, kuma iskar da tirela ke bari in ta wuce ta isa ta jefa mutum jikin ƙarfe. Saboda haka a jere suke bi, ɗaya bayan ɗaya, babba a gaba babba a baya.

Wannan hanya ta ƙetare, wadda ta bi ta Vinikilang da Bajabure da ƙofar Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981, ta zarce Girei da Song da Gombi har Mubi, ba hanyar da mutumin Adamawa zai bi bai tuna komai ba ce. Ta nan dubban mutane suka kwararo a ƙarshen 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Michika da Mubi, waɗansu a bayan a-kori-kura, waɗansu a ƙasa da yara a goye, aka tsugunar da su a sansanoni irin na Damare da Malkohi, sauran kuma gidajen jama'a suka haɗiye su. Cikin samarin da ke tuƙa keke a kanta yau ba a rasa wanda ya fara ganinta a wancan hali yana ƙaramin yaro. Har yanzu ma ba a shiga daji kai tsaye. Mai hankali ba ya tafiya shi kaɗai, kuma in an iso ƙauyen da ke gindin dutse akan tsaya a gai da mai unguwa, a gaya masa su wane ne da abin da ya kawo su. Jam na, jam koɗume, an gaisa da Fillanci an ƙarasa da Hausa, sa'an nan a wuce.

Shi wannan wasa na hawan dutse da keke yana da asali, kuma asalinsa na ƙananan ƙungiyoyi ne, ba na manyan 'yan tsere ba. A Ingila, ƙungiyar masu keke ta Catford, wata unguwa a Landan, ta fara gasarta ta hawan tudu tun 1887, har yau kuwa ana yinta a watan Oktoba a wani tudu mai suna Yorks Hill a ƙasar Kent. Tsawon hanyar bai kai kilomita guda ba, amma akwai inda a kowace mita huɗu da aka yi gaba an hau mita ɗaya. Ƙa'idar ba wuya. Ba a tashi gaba ɗaya. Mutum ɗaya ake saki, bayan minti guda a saki na biye, wani yana riƙe da agogo a ƙasa wani a bisa, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. A wajen ƙarshe akan ajiye ƙarti masu tare mahayi, don da yawa in sun tsallake layi ƙafarsu ba ta iya ɗaukarsu. Masu yin ta akawu ne da malamai da masu aikin gidan waya, ladan kuma sau da yawa bai wuce kofi da tafi ba.

Duk wanda ya duba ƙa'idar nan zai ga kamar don gari irin Jimeta aka yi ta. Tseren hanya mai nisa yana bukatar a rufe titi na kilomita masu yawa, a sa 'yan sanda a kowace mararraba, a nemo motocin rakiya. Hawan dutse abin da yake bukata shi ne turba ɗaya, da agogo biyu, da littafi da biro, da mai ba da taimakon gaggawa. Agogon ma yanzu yana cikin wayar kowa. Sa'an nan ba ya ɓoye gaskiya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya rago yakan laɓe a bayan gwani, gwani ya tsaga iska shi kuma ya bi a sauƙaƙe. A kan tudu gudun ya yi ƙanƙanta da iska za ta yi tasiri, kowa nauyin jikinsa da na kekensa yake ɗagawa da ƙirjinsa.

Nauyin nan kuwa ana iya lissafa shi. Tsohon keke irin na ƙarfe yakan kai kilo 20. Na tsere mai kyau yakan tsaya wajen kilo 8, hukumar tseren keke ta duniya ma ta hana a yi ƙasa da kilo 6.8 a gasanninta. Watau mai Phoenix tun kafin a busa usur yana ɗauke da ƙarin kaya kamar galan uku na ruwa, ga shi ba shi da ƙaramar giya da zai sauya in hawa ya yi tsanani. Sai dai kada masu tsada su yi saurin murna. Siririyar tayar keken tsere don kwalta aka yi ta, kwalta kuwa takan ƙare tun kafin a iso gindin Bagale.

Nan ne hangen Dala yake bambanta da shiga birni. Daga Jimeta dutsen sumul yake, kamar an share shi da tsintsiya. Da an matso sai a tarar dutsen yashi ne, irin mai marmashewa, ruwan sama na shekara da shekaru ya kankare shi ya zubo da rairayi ya tara a gindinsa. Turbar da ake bi ta manoma ce da makiyaya da masu itace. Farkonta yashi, wanda yake riƙe taya kamar an kama ta da hannu, in mahayi ya murɗa kan keke da ƙarfi sai ya tsinci kansa a ƙasa. Gaba kaɗan a shiga tsakuwa da zaizayar ruwa, sa'an nan hawan ya fara miƙewa. Ba a kai keke ƙololuwa. Akan zaɓi wata kafaɗa ta dutsen inda turba take ƙarewa ga mai taya, a kafa sanda a ɗaura mata ƙyalle, nan ne iyaka. Mai son ƙarasawa bisa sai ya jingine keke ya bi da ƙafa.

Wanda aka fara saki yakan tashi da zafin nama, musamman in sabon shiga ne, ga 'yan'uwa na yi masa ihu. Minti biyu na farko daɗi. A na uku numfashi ya fara fita da ƙara, cinyoyi su ɗauki zafi kamar an zuba musu barkono, feda ta yi nauyi. Nan sai dabara. In ya miƙe tsaye a kan feda don ya ƙara ƙarfi, nauyi ya bar tayar baya, ta kama juyawa a banza tana watsa tsakuwa. In ya zauna ya ja baya, tayar gaba ta ɗaga kamar doki ya yi tirjiya. Tilas ya duƙa, ƙirji kusa da kan keke, ya zauna a bakin sirdi, ya riƙa juya ƙafa a hankali ba tsayawa, idonsa a kan taku biyar da ke gabansa. Tsofaffin hannu sukan hana yara ɗaga kai su dubi ƙyallen, don ganin nisan da ya rage yana karya zuciya fiye da hawan kansa. Ba dokar da ta hana sa ƙafa a ƙasa, amma kowa ya san abin da zai biyo baya: a irin wannan wuri in keke ya tsaya ba ya sake tashi, sai a tura, ga kuma ba'ar da za a sha har mako ya zagayo.

Abokin gaba na biyu shi ne rana, ita kuwa ba a yi mata dabara sai sammako. A kan hanya iskar gudu tana busar da gumi ta sanyaya jiki. A kan hawa, inda gudun bai fi na mai sassarfa ba, iskar nan babu ita, zafi ya taru a jiki ba mafita. Mutum yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi cikin awa guda, gishirin jikinsa na bin ta, daga nan sai jijiya ta ɗaure, kai ya yi jiri. Wanda ya daina gumi alhali jikinsa na ƙuna, ko ya fara magana ba kan gado, wannan ya wuce wasa. Inuwa da ruwa da asibiti yake bukata, asibitin kuwa yana ƙetaren kogi. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yaro mai gudawa, ba ya rabuwa da gorar masu hankali, da ɗan dabino ko ayaba a aljihu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, in hunturu ya sauko. Wanda ya ce zai gwada a Afrilu da hantsi, ba jarumi ba ne, ganganci ne ya yi masa yawa.

Akwai wani mutum da kusan kullum akan yi kiciɓis da shi a turbar, wanda ya kamata samarin su sara masa. Shi ne mai itace. Kafin su gama ɗaura igiyar takalmi ya riga ya shiga daji, yanzu yana gangarowa da dami a kan kariya wanda ya ninka nauyin kekensa, birkin ya daɗe da mutuwa, da tafin silifa yake taka taya. Akan ratse a ba shi hanya. Sannu da aiki, Baba. Yawwa, sannunku samari, Allah ya kiyaye. Ya wuce yana waiwaye, don a ganinsa ba abin da ya kai wannan ban mamaki: ƙarti su hau dutse ba kaya, su sauko ba kaya, kuma su ce daɗi suke ji. In da za a sauke masa damin a ba shi keke mai giya a sa shi a layi, da wuya a sami wanda zai kamo shi. Irinsa suna nan birjik a ƙauyukan Girei da Fufore da Song, ƙirjinsu ya ginu tun suna yara, ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Itacen da yake ɗauka kuma wata magana ce, gama Bagale gandun daji ne na gwamnati, gatari kuwa ya yi masa ɓarna ba kaɗan ba, har inuwar da mahayi zai fake a cikinta tana neman gagara.

Wanda ya kai ƙyallen, bayan ya kwanta rigingine ya dawo hayyacinsa, ladansa yana bayansa. In ya juya, ga kwarin Binuwai gaba ɗaya a shimfiɗe: kogin yana kwana kamar maciji a cikin yashi, gadar ta koma kamar tsinke, rufin kwanon Jimeta na walƙiya, a yammacinta kuma ga Tafkin Geriyo da korayen gonakin shinkafa na noman rani. Can gaba Yola ce a kan ɗan tudunta, da fadamar Njuwa inda aka saba yin bikin su. Bayan su duwatsun Verre, in an yi sa'ar sarari kuma a hangi jerin Alantika a kudu maso gabas, a kan iyakar Kamaru. Daga nan bisa ne mutum yake gane abin da ba ya ganuwa daga cikin gari, watau yawan unguwannin da suka gangara suka zauna a cikin hanyar ruwa. Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi aka kuma buɗe madatsar Lagdo, wadda Kamaru ta gama a 1982, kogin yakan zo ya karɓi kayansa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Bagale ƙaramin ɗan'uwa ne a gidan. Wanda ya bi hanyar arewa zai tarar da duwatsun nan uku na Song a tsaye kamar an dasa su, gaba kuma jerin Mandara, inda Sukur take da hanyoyinta na daɓen dutse, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A kudu, wajen Ganye, Dutsen Dimlang ya kai mita 2,042, Chappal Waddi kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne a kan iyakar Taraba da Kamaru. Watau tsohuwar Gongola ita ce ta kwashe rabon ƙasar nan na tudu. Ƙasashen da Allah ya ba irin wannan rabo sun san abin da suka yi da shi. Ɗan Eritiriya, Daniel Teklehaimanot, ya sa rigar gwanin hawan dutse a babban tseren Faransa a 2015. Ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ɗauki koriyar riga a 2024. A watan Satumba na 2025 kuma Kigali ta Ruwanda ta karɓi gasar duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Burkina Faso, wadda ba ta da wani dutsen a zo a gani, tana yin tserenta na ƙasa tun 1987. A nan gida kuwa, da Ese Ukpeseraye ta je wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024, sai da 'yan Jamus suka ara mata keken da ta shiga gasar fili da shi.

Ba a ce Jimeta za ta zama Kigali cikin dare ɗaya ba. Amma masu riƙe da harkar wasanni, waɗanda idonsu bai cika barin ƙwallon ƙafa ba, ya kamata su auna abin da rana ɗaya tak a shekara za ta ci musu: a gyara turba guda, a ba da jami'an kiyaye haɗari su raka ayari a kan gada, a kawo motar asibiti, a ware rukunin masu keke marar giya don mai itace da mai tallar ruwa su shiga ba kunya, a ware na 'yan mata, waɗanda a halin yanzu ba a cika ganinsu a ayari ba. Kuɗin bai kai na fentin dandali ɗaya ba. Makarantun sakandare da ke Girei da Jimeta da Yola kaɗai sun isa su cika layi.

Saukowa ita ce ta fi cin mutane, don ƙarfi ya ƙare, hannu na rawa, zuciya kuma ta riga ta tafi gida. Wanda ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa zai wuce ta kan kekensa. Akan sauko da tazara, a tsaya a ƙauye a yi wa mai unguwa sallama, a sha kindirmo in an dace da masu talla. Kafin ƙarfe goma ana so a ƙetare gada, lokacin da hanya ta riga ta cika da masu ƙafa uku da tireloli, kwalta ta fara huci. Mai faci a bakin gada ya san ranarsu, gama ƙayar aduwa ba ta barin taya ta dawo yadda ta tafi. Can a rumfar mai kunun gyaɗa ake buɗe littafi, a karanta lokacin kowa da ƙarfi, wanda ya rage daƙiƙa goma a kan na wancan karo a yi masa tafi, wanda ya tura keke a tambaye shi ko jakinsa ya gaji ne.

In hira ta yi nisa, ba ta rasa komawa kan Mambila. Duk mai hawan keke a wannan yanki yana da labarinta a baki, ko ya je ko bai je ba. Daga Jimeta sai an bi ta Ngurore da Mayo Belwa da Zing zuwa Jalingo, daga nan Bali da Serti, tafiyar yini guda a mota, da kekuna ɗaure a bisa. A Mayo Selbe hanya take fara hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan, motocin kaya na nishi suna tsayawa a sa musu waigi. Ba ta sassautawa sai an doshi Maisamari, inda tudun ya haura mita 1,500, ciyawa ta rufe ƙasa har iyakar gani, mutumin Jimeta kuma ya fara neman rigar sanyi da tsakar rana.